Tulun da Ya Faɗo Daga Baranda

Sau uku Nurhan tana ɗaga tulun tana maka shi da ƙasa, sau uku yana gangarawa a kan katakon dandamali, ko tsagewa bai yi ba.

"A sake!" in ji Dakta Midhat, mai shagon magani, wanda shi ne daraktan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta malamai. "Abla Nurhan, mijinki fa kike kora har abada, ba kaza kike kora daga kan shanya ba. Sa ƙarfi!"

Tun bakwai na safe take tsaye a gaban 'yan mata sittin masu kiranta Abla, wato malama, tana koyar da adabi. Ga shi la'asar ta gota, fankar zauren ta mutu tun bara, wuyan hannunta na dama sai zugi yake yi.

Wasan da suke gwaji shi ne Matar Mai Fito, tsohon wasan nan da babu ɗalibin da ya gama makaranta bai yi masa hawaye ba. An zargi Umran mai fito da kashe ƙanin matarsa Zahiyya. Ranar da zai bar gari, yana juya baya ta fasa tulun ruwa a bayansa. Mu a nan garin Ƙina kowa ya san abin da hakan ke nufi: tafi, kada Allah ya maido ka. Umran ya ji ƙarar, bai waiwaya ba. Bayan kwana uku kogi ya dawo da jirginsa babu kowa a ciki, sannan aka gano ba shi ya yi kisan ba.

Duk wasan a kan wannan ƙarar ya rataya. Ga shi tulu ya ƙi fashewa.

Da ya gangara karo na huɗu, sai aka ji dariya daga bakin ƙofa. Wani dogon saurayi ne cikin jallabiya ruwan toka, laka ta bushe masa har gwiwar hannu, ya rungumo tuluna biyu.

"Ku yafe ni," ya ce, yana ƙoƙarin haɗiye dariyar. "Ginin babana ne. Ko daga kan hasumiya kika jefo shi, sai dai ƙasar ta ji ciwo."

"To zo ka fasa mana, tunda abin ya zama na dariya," in ji Nurhan a fusace.

Ya ajiye kayansa ya matso. Bai dubi tulun ba. Hannunta ya duba, inda ya kumbura, sannan ya ɗago ya dubi fuskarta. Idanuwansa jajaye ne irin na wanda ya daɗe a bakin wuta, amma akwai wani sanyi a cikinsu da ya sa ta manta ragowar faɗan da ta shirya.

"Sunana Hijazi, ɗan Mu'allim Shahat," ya ce a hankali. "Ki ba ni kwana huɗu, Abla. Kada ki ƙara jefa ko ɗaya."

Ranar Alhamis ya dawo da tuluna a cikin buhu an shimfiɗa musu ciyawa. Ya miƙa mata ɗaya.

"Kada ki jefa. Buɗe hannunki kawai."

Ta buɗe. Tulun ya taɓa katako ya tarwatse da ƙara mai daɗin ji, har masu shara suka leƙo.

"Me ka yi masa?"

"Tun yana ɗanye na tsattsaga shi da wuƙa ta ciki, na rage masa kaurin gindi, na fitar da shi daga tanderu kafin ya gasu." Ya rage murya. "Sharaɗi biyu ne. Kada ya ga ruwa, don in ya jiƙa na awa biyu gindinsa da kansa zai zube. Na biyu, kada babana ya ji. Zai gasa ni tare da tukwane."

Ta yi dariya, karo na farko a wannan makon.

Daga ranar, duk Litinin da Alhamis sai ya kawo kaya, ya kuma san yadda zai yi ya makara har a tashi daga gwaji. Su kan zauna a matakalar zauren tana jiran ƙaramar bas, tsakaninsu akwai tazarar mutum biyu, kowa ya yi laushi. Shi tun asuba yake juya faifan gini da ƙafa, a sana'ar da firji da robobi suke cinyewa a hankali. Ita kuma jakarta cike da littattafan da ba ta duba ba.

"Abla, me kike faɗa wa ɗalibanki a kan tulun Zahiyya?" ya tambaye ta wata rana.

"Abin da malamai suka rubuta. Tulun shi ne aurensu, ruwan ciki kuma amana ce. Ta fasa don ta tsane shi."

"Malaman nan ba su taɓa kwana a ƙauye ba."

"Au, kai ne za ka gyara musu, mai laka?"

"Yayyenta uku suna jiransa da bindiga," ya ce, yana kankare busasshen yumɓu daga farcensa. "In ya tafi da tunanin tana sonsa, zai dawo. In ya dawo, sun kashe shi. Abu ɗaya ta sani da zai hana shi waiwaye."

"Kana nufin don so ta fasa?"

"Macen da ta tsani miji tsohon tulu take ɗauka, wanda ya riga ya yi gansakuka. Koma ki duba littafin. Na ranar aurenta ta ɗauko daga ɗaki."

Shekara shida Nurhan tana koyar da wasan nan, ba ta taɓa tsayawa a wannan layin ba. Bas biyu suka wuce ba ta tsayar da su ba.

Ba ta isa gida ba saƙonsa ya shigo:

"Abla mai ɓarna, yau guda nawa kika kashe min? Kwana uku nake renon kowanne, ke kuma ki hallaka shi a ƙiftawar ido. Haka za ki yi da mai ginin?"

Ta rubuta ta goge, ta sake rubutawa:

"Biyu kacal, mai laka. Mai ginin kuwa sai na ga ko ya gasu. Ka sha shayi ka huta, idonka ya yi ja."

Wata ɗaya bai cika ba ya daina kiranta Abla a saƙo.

"Farin watana, yau ina gini hannuna ya zana ganyen dabino a wuyan wani tulu ban sa shi ba. Ban taɓa yi wa kowa ba. Yana cikin buhun gobe. In kin zo kansa ki fasa shi a hankali."

Ba ta fasa shi ba. Ina za ta iya! Ta naɗe shi a mayafi, ta ce wa Dakta Midhat buhun ya zo da ragi, ta kai shi gida ta ɗora a saman kabad ɗinta. Ko Hijazi ba ta faɗa wa ba, don kunya.

Da maganar aure ta taso, Nurhan ta fara sanar da mahaifiyarta Sitt Karima, ita kuma ta kai wa maigida. Mahaifin nata, Ustaz Abdurradi, ya cire tabaransa ya ajiye a kan jarida.

"Mai laka?" ya ce. "Shekara talatin da biyar ina tsaye a tashar jirgin ƙasa, rana da sanyi, don 'yata ta ƙare a cikin hayaƙin tanderu? Ga Dakta Midhat ya yi min maganar aurenta tun watan jiya. Mutum mai shago, mai fanka, mai takalmi."

Nurhan ta ce, "Baba, Hijazi ya yi karatu fa. Don tsufan babansa ya dawo gida."

"Ya dawo ya zauna a laka, ai. Su zo ranar Juma'a. Ni ban taɓa rufe wa baƙo ƙofa ba. Amma amsata tana nan inda take."

Juma'a bayan la'asar suka zo, Hijazi da mahaifinsa. Mu'allim Shahat gajeren tsoho ne mai faɗin kafaɗa, ya naɗa farin rawani, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Aka sha shayi, aka yi zancen zafi da farashin rake. Da tsohon ya faɗi abin da ya kawo su, Ustaz Abdurradi ya dubi silin.

"Kun girmama mu, Mu'allim. Ku ba mu lokaci mu yi shawara da 'yan'uwa."

Duk wanda ke ɗakin ya san ma'anar wannan shawarar: an ƙi ke nan. Suka yi sallama cikin mutunci, suka sauka daga bene.

Nurhan ta ruga baranda don ko bayansa ta gani. A kan tiren da ake jera tulunan sha, ga nata mai ganyen dabino, cike da ruwa, jikinsa ya yi duhu yana naso.

"Mama! Wa ya sa masa ruwa?"

"Ni ce," in ji Sitt Karima daga bayanta. "Na gan shi a kan kabad ɗinki yana shan ƙura. Na ce tunda masu ginin ne za su zo, in sun ɗaga kai su ga muna daraja aikinsu. Tun azahar na cika shi."

Nurhan ta kai hannu ta cafke wuyansa don ta shige da shi ciki. Tana ɗagawa, gindin ya rabu da wuyan. Ya bi ta kan ƙarfen baranda, ya sauka a tsakiyar layi, taku uku a bayan Mu'allim Shahat da ɗansa.

Ƙarar ta cika layin. Masu shan shayi a bakin shagon Ammu Girgis mai shayi suka yi tsit, mai gugar kaya ya tsaya da dutsen guga a sama. Ruwan ya fallatsa har gefen jallabiyar tsohon.

Hijazi ya ɗaga kai. Abin da ya gani shi ne Nurhan a baranda, hannunta a miƙe, tana riƙe da wuyan tulu.

Mu'allim Shahat bai ɗaga kai ba. Ya dubi jiƙaƙƙen gefen rigarsa, ya ce da muryar da kowa ya ji, "Wallahi tallahi, ƙafata ba za ta ƙara taka wannan layin ba." Ya kama hannun ɗansa kamar ƙaramin yaro ya ja shi.

Nurhan ta juya da gudu. Kafin ta sauko bene sun shiga tuktuk, keken haya mai ƙafa uku. Ta durƙusa a gaban jama'a tana tsince tsingaron a cikin mayafinta, hawaye na ɗiga a kai.

Saƙo ɗaya Hijazi ya aiko kafin magariba:

"Na gane, ruhina. Na san ba tsana ba ce. An yanke miki hukunci a gida, kina so kada in dawo in ƙara shan wulaƙanci. Ni na koya miki ma'anar, ba zan yi kamar ban ji ba. Ba zan waiwaya ba. Allah ya tsare min ke."

Ta kira, wayar a kashe. Ta rubuta:

"Hijazi, don girman Allah ba haka ba ne. Ban jefa ba. Kunna wayarka."

"Mai laka, tulunka ne mai ganyen dabino. Na ɓoye shi, Mama ta sa masa ruwa. Kai da kanka ka ce awa biyu."

"Ka fassara ni kamar littafi, ba ka tambaye ni ba. Ni ba Zahiyya ba ce. Ni so nake ka dawo."

Ko ɗaya bai shiga ba. Washegari ta ji labarin ya bi motar kaya zuwa kasuwannin arewa, ya bar wayar a gida.

A makon ne aka fara nuna wasan ga ɗalibai. Kullum bayan la'asar Nurhan za ta tsaya a dandamali, ta ɗauki tulun da ya gina da hannunsa, ta buɗe yatsunta a bayan wani mutum. 'Yan mata su yi ta kuka, shugabannin makarantu su yi ta tafi, a ce ba a taɓa ganin Zahiyya irin wannan ba. Ita dai ta san ba wasa take yi ba. Ta rame, ta daina gardama da kowa. Da safe aji, da yamma dandamali, ta dawo ta kwanta da kayanta a jiki.

Mahaifinta ma bai samu sukuni ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yabon da ake masa. Yana wucewa shagon shayi sai wani ya ɗaga kofi ya ce, "Gaishe ka, Ustaz! Haka ake yi wa wanda bai san matsayinsa ba." Mutumin da ya yi shekaru yana kwantar da fasinjan da jirgi ya bari a ɗakin baƙinsa, yau shi ake yi wa kirari da korar baƙo. Ya daina fita.

Rana ta takwas Dakta Midhat ya zo da kwalin kayan zaƙin da ake kira kunafa, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Wallahi Ammi, baffana, ni na koya mata jifan nan," ya ce wa Ustaz Abdurradi yana ƙyalƙyala dariya. "Wata biyu ina fama da ita a dandamali, ashe a baranda za ta ƙware! An ce tsohon har tsalle ya yi kamar ɗan akuya."

Ustaz Abdurradi ya dube shi tsawon lokaci.

"Tsohon nan baƙona ne, Dakta. Shayina ne a cikinsa lokacin da abin ya faru." Ya miƙe. "Ka gaida gida. Ɗauki kwalinka, muna da ciwon sukari."

Nurhan tana jin su daga kicin. Ta juya ta dubi mahaifiyarta, wadda ta kwana takwas tana cewa laifinta ne.

"Mama, sa mayafinki. Kuka ba zai ɗinke shi ba."

Unguwar magina tana bayan gari, inda hayaƙi ba ya yankewa. Suka sami Mu'allim Shahat zaune a gaban faifansa, tuluna ɗaruruwa a jere suna shan rana. Da ya gane su ya ci gaba da aikinsa.

"Wanda aka kora ba a biyo shi gida, Hajja," ya ce. "Ko akwai sauran tulun da ba ku fasa ba?"

"Ammi, ban zo ba da haƙuri da baki ba," in ji Nurhan. Ta durƙusa ta kwance mayafin a gabansa. "An ce kai kana karanta tsingaro kamar yadda muke karanta takarda. Ka karanta wannan."

Ya so ya kawar da kai, amma idon magini ba ya iya wuce fasasshen abu. Ya goge hannu, ya ɗauki wuyan, ya juya shi. Ya ɗauki wani ɓallin ya haɗa. Ya bi bakin karayar da babban yatsa, ya karya ɗan gefe ya ga cikinsa baƙi, bai gasu ba. Girarsa ta haɗe.

"Wannan ba jefa shi aka yi ba. Tulun da aka jefa ba ya barin wuyansa a hannun mai jifa." Ya ɗaga wani ɓalli ga rana. "Wannan layin wuƙa ne. Ta ciki. Wane la'ananne ne ya tsaga tulu ta ciki?"

Ya juya gindin. Ga tambarinsa, tauraro da ɗigo biyu.

"Tambarina!" Ya miƙe tsaye, faifan yana ta juyawa shi kaɗai. "Shekara hamsin ba a taɓa cewa tulun Shahat ya zubar da ɗigo ɗaya ba! Ɗan da na haifa ya gina ruɓaɓɓen tulu, ya buga masa sunana, ya kai gidan surukai ya faɗo min a ƙeya?"

"Ni na sa masa ruwa, Mu'allim," in ji Sitt Karima tana share ido. "Don in girmama ku."

"Ke kin yi daidai, Hajja! Tulu don ruwa aka yi shi! Jakin nan ne..." Ya laluba aljihu ya fito da tsohuwar waya ya kira direban motar. "Ba ni shi. Kai, Hijazi! Ka hau duk abin da ka samu ka dawo yau, ko jaki ne ɗan'uwanka. In fara karya ka, sannan ka ji sauran labari."

Ya kashe, ya zauna yana huci. Can ya dubi Nurhan, da ramar da ke wuyanta, ya tura mata kujerar katako da ƙafa.

"Zauna, 'yata. Me ya sa kika ajiye shi tun farko?"

Ta sunkuyar da kai. Tsohon ya dubi ganyen dabinon da ke wuyan tulun, ya yi gyaran murya, bai ƙara tambaya ba.

Kwana biyu bayan haka Ustaz Abdurradi ya sa jallabiyarsa ta Idi, ya tafi unguwar magina shi kaɗai. Ba 'yarsa ya je bayarwa ba, ya faɗa wa matarsa haka sau biyu a bakin ƙofa. Sunansa ya je wankewa.

Ya zauna a kan dakalin laka, ya ba da haƙuri kamar yadda manya ke yi, ba tare da kwana-kwana ba. Hijazi na tsaye a gefe, ya yi baƙi ya faɗa, ƙurar hanya ba ta gama fita daga gashinsa ba.

"Haƙurinka ya karɓu, Ustaz," in ji Mu'allim Shahat. "Laifin ma na wannan ne."

Ustaz Abdurradi ya juya ga saurayin. "Ni abu ɗaya nake so in sani. Ka san sunan mahaifinka shi ne duk abin da kuka mallaka. Me ya sa ka buga shi a kan tulun banza?"

"In babu tambari, zai tambayi inda tulunan suke zuwa, Ammi."

"Ba wannan na tambaya ba. Me ya sa ka gina su?"

Hijazi ya dubi ƙasa. "Hannunta ne ya kumbura. Da shi take rubutu a allo."

Ustaz Abdurradi ya tuna makonnin da 'yarsa take cin abinci da hagu a gabansa, shi yana karanta jarida, bai tambaya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Mu'allim," ya ce daga ƙarshe, "na gama shawara da 'yan'uwan."

"Yaushe?"

"Yanzu. Ku zo Juma'a."

"Na rantse, Ustaz. Layinku ya ga fitata."

"To sai ya ga dawowarka. Rantsuwa tana da kaffara. Kai ka kawo miskinai goma, ni zan kawo tukunya."

Hijazi bai jira sun gama ba. Ya zagaya bayan tanderu, ya kunna wayar da ya kwana biyu yana tsoron taɓawa, ya karanta saƙonninta uku yana kuka kamar ba namiji ba. Ya rubuta:

"Farin watana, na yi wauta. Na iya karanta matar da ke cikin littafi, na kasa tambayar wadda ke raye. Ki yafe min."

Amsar ta zo nan take:

"Sai na gan ka tukuna. Kuma daga yau in ka ga na yi abu, ka buɗe baki ka tambaya, malamin fassara. Ka ci abinci?"

"A'a."

"Ni ma. Je ka ci, sai in ci."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a bakin layin, mutum goma suka ci shinkafa da nama suka yi addu'a. Sannan Ustaz Abdurradi ya taka har bakin titi, ya saƙala hannunsa a na Mu'allim Shahat, suka shigo tare a hankali, suna tsayawa a kowane shago. A gaban masu shan shayi ya ɗaga murya.

"Ammu Girgis, shayi biyu! Ɗaya nawa, ɗaya na surukina. Wanda ya yi min kirari kwanan baya, ya zo ya maimaita."

Babu wanda ya zo. Mai gugar kaya ne ya fara tafi, daga sama kuma Sitt Karima ta saki guɗa har muryarta ta dishe.

Bayan an gama yankan rake aka ɗaura aure a masallacin unguwa, da la'asar. Liman ya yi addu'a Allah ya sanya albarka, ya haɗa su a kan alheri, ya ba su zuriya mai jin ƙai, layin gaba ɗaya ya amsa da amin.

Da aka hau bene, aka zaunar da ango da amarya a kan doguwar kujerar ɗakin baƙi, mata na ta shiga da fita da kofunan sharbat, lemon biki mai zaƙi. Hijazi ya yi kwana uku a bakin tanderu don ya gama aikin mutane kafin biki.

"Na gaji, ruhina," ya raɗa mata.

"Ni ma. Tun ranar da na fara ganinka ban huta ba."

Ya yi murmushi, ya buɗe baki zai ba ta amsa, amsar ba ta fito ba. Kansa ya karkata a hankali ya sauka a kafaɗarta. Ango ya yi barci a tsakiyar bikinsa.

"Innalillahi! Kai, tashi, kada ka ƙara kunyata ni a gidan mutane!" in ji Mu'allim Shahat, yana ɗaga sanda.

Ustaz Abdurradi ya riƙe sandar. Ya juya kan fanka ya saita ta wajen kujerar.

"Ƙyale shi, Mu'allim," ya ce. "A gidansu yake."